Farin Hankicin Kan Layi

Ranar an yi zafi a Irbid ta ƙasar Jodan, ko ganye ba ya motsi. Ina zaune da butar gahawata a ƙofar zauren da ake koyon rawar dabke, wadda ake yi a jere cikin layi, sai ga wani mutum.

Sa'ana ne, amma gashinsa baƙi wuluk, rinin jiya. Ga kwat mai kauri a wannan zafin, ga takalmi mai tsini, turarensa har ya kashe ƙamshin gahawata. Ina jin ɗa zai aurar, yana so dangin amarya su gan shi a kan layi, inda gwani ke kaɗa farin hankici.

"Kawu, cire kwat ɗin mana," in ji malamar, Rudaina.

"Wane ne kawunki? Sa mana kiɗa!"

Ya kama kan layi da farin hankici a hannu. Zagaye biyu kawai, gumi ya karyo masa. Ya share goshi da hankicin, ya ɗaga shi yana kaɗawa. Hankicin ya koma baƙi ƙirin, kowa ya gani ban da shi.

Wata dattijuwa ta ce, "Alhaji, ƙuruciyarka fa tana zuba."

Har yau yana zuwa duk Talata. Can ƙarshen layi yake tsayawa, da furfurarsa.