Keken da Kawu Iro Ya Gani a Lahira

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Iro na Daudawa, ƙanen mahaifiyata. Rasuwarsa ta biyu nake nufi, wadda bai dawo ba.

Ta farkon, rana ce ta buge shi a gonar auduga, ya yi doguwar suma. Har an ɗora ruwan wanka sai ya yi atishawa, mata suka watse, wata ta bar mayafinta a jikin danga. Ni na fara durƙusawa gabansa, na ce, "Kawu, mi ka gani?" Ya ce, "Inuwa dai, mai sanyi. Ba kowa."

Iyakar labarin ke nan, har kakar da malamin awon auduga ya sayo keke. Sai Kawu ya tuna ashe a inuwar nan akwai keke a jingine, mai ƙararrawa, an ce nasa ne. Da Sarkin Fawa ya yi rufin kwano, inuwar ma ta koma ta kwano.

Jama'a suka yi ta zuwa da goro don jin labari, suma kuwa ta zama yayi. Wani a Sheme ya faɗi ran kasuwa, ya farka da keke biyu. Wata tsohuwa a Sabuwa, wadda ko jaki ba ta taɓa hawa ba, ta ga nata har da fitila. Da za a jera kekunan lahira na shekarar, da sun toshe hanyar Ƙanƙara har Faskari. Abin da ya ɗaure mini kai, ba wanda ya gano abin da babu shi a gidan maƙwabcinsa.

Wata rana na tsare shi: "Kawu, tsakani da Allah, can ka ga keken nan ko ƙofar malamin awo?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ja'iri, ni ma yanzu ban sani ba." Daga ranar bai ƙara ba da labarin ba.

Yanzu da akwatin rediyo ya shigo gari, ina zargin da yana raye, da inuwar ta fara magana.

Ranar da ya cika, kowa satar kallon hancinsa yake, ko zai sake atishawa. Bai yi ba. Har yau akwai masu kiransa maƙaryaci, abin yana yi mini ciwo. Keken ban yarda da shi ba, kwanon ma haka. Amma inuwar, ya faɗe ta tun bai ga keke ko kwanon kowa ba. Allah Ya sa ita ya tarar, ko da a ƙafa ya isa.