Ragon da Baba Yake Ja

Ranar da aka sallami Baba daga asibiti, likita ya kira ni gefe ya ce magani kaɗai ba zai riƙe shi ba, sai da tafiyar ƙafa kullum. Ciwon zuciya ne ya kayar da shi a tsakar gida. Sun zura siririyar waya ta hannunsa, suka buɗe jijiyar da ta toshe, suka bar wani ɗan bututun ƙarfe a ciki don kada ta sake rufewa.

Tafiya kuwa ai abu ne mai sauƙi, in ba Baba ba. Mutumin da ya shekara talatin yana koyarwa a Sabon Gari, wa zai gan shi a ƙasa ya wuce? Da ya fito bakin titin Samaru da sassafe, kafin ya yi taku ɗari wani ya taka birki. "Haba Malam, muna raye? Shigo mu sauke ka." In ya ce motsa jiki yake yi, sai su yi dariya su buɗe ƙofa. Shi kuma ba ya iya ba ɗalibinsa kunya. Sau da yawa an dawo mana da shi gida ko zufa bai yi ba.

Ni ma ban taimaka ba. Da na ji ana cewa 'ya'yan Malam sun bar tsoho yana gararamba a titi, raina ya ɓaci, na ce ya riƙa zagaya tsakar gida. Ya yi kwana uku ya daina, ya koma kan tabarma. Da na ga yana haki daga ɗaki zuwa zaure, tsoro ya kama ni.

Wata Asabar ya sa aka kai shi Dogarawa wurin wani abokinsa, ya dawo da rago. Kashegari ya ɗaura masa igiya, suka fita tare. Na leƙa ta ƙofa ina jiran birki. Motoci suka riƙa rage gudu, a ɗaga masa hannu, a wuce. Wa zai saka rago a kujerar baya?

Shi ke nan fa. Shekara goma sha biyu ke nan, kowace safiya yakan haɗiye magungunansa, ya ɗauki igiya. 'Yan unguwa suna cewa Malam ya koma makiyayi, shi kuwa ko a jikinsa. Idan babbar Sallah ta zo a yi layya da ragon, bayan sati ya sayo wani. Kullum babba yake saye, wanda zai isa layya a Sallah mai zuwa, domin ya ce bai san kwana nawa suka rage masa a duniya ba. Ban taɓa ganin mai wayon neman rai irin nasa ba, kuma har yau ina jin kunyar kwana ukun nan da na tsare shi.

Bana da na je gida, na tarar da wani ɗan tsurut a ɗaure, ko ƙaho bai fito masa ba.

Na ce, "Baba, wannan ai ba zai isa layyar bana ba."

Ya gyara igiyar a hannunsa, ya ce, "Wa ya ce miki ta bana ce?"