Haƙoran Bututu

Ɗan baffana ya ɗora mini laifin da hannunsa ya aikata, a gaban mutane, kuma da Larabci. Wannan ba zai fita raina ba sai ran da aka rufe ni da ƙasa.

Ni na kai shi aikin. Hawasharmu, gonar da muke nomawa kusa da garin Hajj Abdalla a Sudan, ta daina ciyar da gida, sai na tafi kudu wajen masu haƙar rijiyar man fetur. Daga baya na roƙa masa gurbi. Mu biyu kaɗai ke jin Hausa a sansanin. In an tashi aiki mukan zauna bayan tanti mu sha shayi, yana Yaya kaza, Yaya kaza. Ban da shi ba ni da kowa a can.

Bututun haƙa guntu-guntu ne, kowane da haƙora a bakinsa, ana murɗa wannan cikin wancan har a kai inda mai yake. Ni ke wanke haƙoran in shafa musu shaham, wani man shafawa mai kauri. Shi ke saita bakin bututu. Ƙa'ida ɗaya ce: murɗin farko a hankali, sai haƙora sun kama juna sannan a saki inji.

Ran nan da rana tsaka ana ta azalzalarmu, na ga ya saita a karkace.

Na ce, "Ƙane, ɗaga shi, bai zauna ba."

Ya ce, "Bari, Yaya, inji zai miƙe shi."

Injin ya danna da ƙarfi. Bayan kwanaki mahaɗin ya tsinke can ƙasa, bututu ya zube cikin rijiya, aiki ya tsaya cak. Da aka ciro guntun, haƙoran duk sun cinye. Muhandis, wato injiniyanmu, ya tara mu. Ɗan baffana bai ko dube ni ba, ya nuna ni da haɓa ya ce, "Az-zol da," wato wannan mutumin, "bai shafa shaham ba."

Aka kore ni, amma korar ba ta yi mini zafi kamar wannan kalma ta az-zol da ba. Na zauna jiran motar da za ta fitar da ni, ina cin abinci ni kaɗai, ina jiyo dariyarsa cikin sauran ma'aikata. Ko sallama da Hausa bai sake yi mini ba. A gida ma labari ya riga ni isa, wai sakacina ya kashe rijiya. Tun daga nan na rage shiga mutane. Ni da gona ne kawai.

Sai ran zaman makokin baffa muka haɗu. Ya zo daga Wad Madani, ya yi ƙiba. Ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ka yafe. Ina da iyali lokacin."

Na ce, "Ni kuma itace gare ni a gida? Ka ji, aikin can ya koya mini abu ɗaya. Abin da ya shiga a karkace tun murɗin farko, ƙarfi ba ya miƙe shi, kuma sai ya kai inda hannu ba ya kaiwa yake tsinkewa. Na zo don baffa. Yayanka kuwa ka bar shi a bakin rijiya. Wanda ke gabanka az-zol da ne."