Ranar da Na Saurari Ƙirjin Surukata

Lokacin da nake malamin asibiti a Tudun Wada, kafin a sami mulkin kai, kayan aikina ba su taka kara sun karya ba: kwalaben magani, almakashi, allura biyu da nake dafawa a tukunya, sai abin awon ƙirji da robarsa ta fara tsagewa.

Dattijon da ya koya mana aiki a Kano shi ya ba mu labarin wanda ya ƙirƙiro abin. Wani likita ne a ƙasar Faransa, ɗan siriri, mai yawan laulayi, wanda tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa tun yana ƙarami. A zamaninsa likita kunnensa yake kafawa a ƙirjin majinyaci. Rannan aka kawo masa wata budurwa, kunya ta hana shi. Sai ya naɗe takarda ta zama bututu, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjinta, ɗayan a kunnensa, ya ji bugun zuciya tar, yadda bai taɓa ji ba. Da yake mai busa sarewa ne, kuma ya iya sassaƙa, da hannunsa ya yi na katako. Ya yi shekara da shekaru yana sauraron marasa lafiya, yana raɗa wa kowane sauti suna. Daga baya ɗan ɗan'uwansa ya ɗora masa abin a nasa ƙirjin, aka tarar ciwon mahaifiyarsa ne. Bai kai hamsin ba ya mutu.

Mu dai wurin budurwar muka yi dariya. Sauran labarin bai dame mu ba.

Wata damina aka aiko daga Yako cewa surukata na kwance. Matata na da tsohon ciki, ba ta iya tafiya, sai na hau keke ni kaɗai, na bi ta Ƙafin Maiyaki, ina hawa ina turawa saboda taɓo.

Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskar matar nan ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta. Ranar ma nan na durƙusa.

"Malam, ba sai ka shigo ba," ta ce daga ciki.

"Inna, aiki ne ya kawo ni."

Ta juya ta fuskanci bango, ta ja zane ta rufe kanta. Na miƙa wa ƙanwarta, wadda ke jinyarta, kan abin awon, ina gaya mata inda za ta ɗora. Ni kuma na tsuguna iyakar inda robar ta kai, idona a ƙasa.

"Ja numfashi, Inna."

Ta ja. A dama na ji tartsatsi kamar an watsa gishiri a wuta. A hagu kamar ana hura bakin gora marar ruwa. Na san sautin, tarin fuka ne, na san abin da ke biyo bayansa. Ban ji komai a raina ba. Ina ta kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar gero a gefen tabarma.

Na ce akwai allura a Kano, zan nemo mota. Ta ce ba mai loda ta a mota kamar buhu. Na sake faɗa, sai ta ce, "Kada ka gaya mata sai ta sauka."

Na ajiye maganin tari na fito. An kawo mini fura, na sha, na yi godiya.

A gida matata ta tare ni da tambaya, na ce da sauƙi. Haka na riƙa faɗa kullum, kusan wata biyu, ina cin tuwona ina zuwa aiki. Ranar da ɗan aike ya zo da labarin rasuwar, ana yankan gero, jaririn da matata ta haifa na da kwana huɗu. Ni na shiga na gaya mata.

Ta ɗago ta dube ni. "Malam, ka sani tun ranar?"

"Na sani."

Ta gyara wa yaron kwanciya. Na tsaya kaɗan, na rasa inda zan sa hannuna. Sai na ɗauki mabuɗi na tafi na buɗe asibiti. Mutum shida na jira a inuwa, na farkonsu wani manomi ne da lauje ya yanke a ƙafa.