Ranar da Surukina Ya Ɗora Ƙafata a Kafaɗarsa

Shekarun baya, lokacin ina ganin jikina ƙarfe ne, ina da teburin shayi a bakin tashar Dogon Dutsi. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san ba ta da zama. Da an sallame asuba nake hura wuta, in tsaya bayan tebur ina zuba ruwan zafi, ina yanka burodi, ina soya ƙwai, har rana ta take. In ɗan kishingiɗa, da la'asar in koma. Bencin da ke wurin na masu saye ne. Har alfahari nake yi, ina ce wa direbobi mai shayin da ya zauna ya sallami kasuwarsa.

Abin ya faro a hankali. Da yamma sai in ji ƙafafuna sun yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun yashi. Idon sawu ya kumbura, takalmi ya bar mini shaida a fata. Wani lokaci ina kwance ƙwaurina ya murɗe har sai na yi salati. Daga baya jijiyoyi suka fito ɓaro-ɓaro a ƙafar hagu, sun kumbura, sun nannaɗe kamar igiyar guga da aka yar a ƙasa. Fatar da ke kusa da idon sawu ta yi baƙi, ta yi sheƙi, ga ƙaiƙayi ba dare ba rana. Amma da yake kowace safiya nakan tashi kumburin ya saɓe, sai in ce ai na warke.

Masu ba da shawara kuwa ban rasa su ba. Mahaifiyata ta ce gado ne, ita ma tun cikinta na fari nata suka fito. Yayarta da ke ƙauye ta aiko cewa doguwa ce, wato aljana, na taka wa wuri, a zo a yi abin da ya kamata. Abokina mai butik, wato ɗan kanti, a gefena ya ji haka ya ce a'uzubillahi, in nemi zuma in riƙe addu'a. Wani direba ya duƙa ya leƙa ƙafar ya ce, "Wanga mataccen jini ne, wanzami za ka samu shi yi maka ƙaho." Matata ce kaɗai take cewa, "Maigida, don Allah ka tahi likita su duba." Ni kuma na zaɓi shawarar da ta fi sauƙi, na sa tela ya ƙara wa wandunana tsawo. Maganar ƙahon dai ta zauna mini, har na yi da wani wanzami cewa bayan kaka zan zo.

Surukina manomi ne a Matankari, dattijo mai ƙarancin magana. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido mun haɗa ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon wani gefen. Haka muka gada, kuma haka muke jin daɗinmu. Kowace kaka nakan bar tebur in je in taya shi girbin hatsi.

A wannan shekarar hatsi ya yi kyau. Da hantsi muna cikin gona, ni da wan matata da wasu maƙwabta, muna ɗaure dami muna kaiwa bakin amalanke. Ƙarangiya ta addabi wandona, sai na naɗe shi zuwa gwiwa. Na ɗauko dami a ka, ina tafiya, tushiyar wani kara da aka sare ta karce ni sama da idon sawu. Ko zafi ban ji ba sosai. Na ci gaba da tafiya, sai na ji takalmina yana santsi, wani ɗumi yana bin tafin ƙafata. Da na duba, jini ne yake tsartuwa, siriri, kamar an huda salka.

Na yar da damin na tsaya ina kallo. Karcewar ba ta kai ƙwayar wake ba, amma yashin da ke ƙarƙashina har ya jiƙe. Mutane suka taru. Wani ya ce a zuba ƙasa, wani ya ce a tauna ganye a manna. Wan matata, cikin son ya taimaka, ya zaro igiyar dami ya ɗaure mini ƙafa ƙasa da gwiwa. Maimakon jinin ya tsaya sai ya ƙaru. Ni kuma ina tsaye ƙiƙam, don a ganina namiji ba ya zubewa a gonar surukinsa saboda karcewar kara. Can na ji kunnuwana sun fara ƙara, gonar ta soma juyawa.

Ban ga lokacin da surukina ya iso ba. Muryarsa kawai na ji, da ƙarfin da ban taɓa jin ta da shi ba.

"Wa ya ɗaure wagga igiya? Kwance ta maza! Kai kuma kwanta."

Na ce, "Baba, ba komai, yanzu zai..."

"Na ce kwanta!"

Ya kama kafaɗata ya kwantar da ni a kan yashi. Ya warware rawaninsa, ya dunƙule gefe ɗaya ya danna a kan ciwon da tafin hannunsa. Sannan ya durƙusa, ya ɗaga ƙafata sama, ya ɗora dugadugina a kan kafaɗarsa.

Jama'a, ku ɗan tsaya ku hango abin. Ƙafata, da ƙurarta da jininta da kaushinta, a kafaɗar mutumin da ban taɓa yarda inuwata ta taɓa tasa ba. Wallahi duk da jirin da nake ji, kunya ta fi shi ƙarfi. Na fara jan ƙafar a hankali ina son in sauke ta.

Ya riƙe ta gam ya ce, "Aje kumyar taka nan, in mun kai gida ka ɗauka."

Bai ɗaga hannunsa ya leƙa ba ko sau ɗaya. Ya danna, bakinsa yana motsi. Da aka jima ya naɗe sauran rawanin a kan ƙafar, ya ce a sauke damman da ke kan amalanke. Aka kwantar da ni a ciki, shi ma ya hau ya zauna, ya mayar da ƙafar inda take. Wan matata ya kora jaki.

Hanyar yashi ce, jakin kuma ba ya sauri don kowa. Haka muka ratsa gonaki muka shiga gari, surukina zaune ba rawani, furfurarsa a waje, ƙafar mijin ɗiyarsa a wuyansa. Mata a bakin rijiya suka bar guga suna kallo. Wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "Lahiya dai?" Surukina ya ce, "Lahiya lau," kamar kowace rana haka yake yawo. Ni dai na jawo hulata na rufe fuska.

A gidan likita majo ne ya karɓe mu, wato babban ma'aikacin jinya na wurin. Da ya warware rawanin, jinin ya riga ya tsaya. Ya wanke ciwon, ya naɗe shi da bandeji, ya ce wanda ya kwantar da ni ya ɗaga ƙafar ya yi daidai. Sannan ya ja kujera ya zauna, ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa masa sai ya gyaɗa kai.

Ya ce jinin da ya sauka ƙafa dole ya hau ya koma zuciya, kuma a cikin jijiyoyin da ke mayar da shi akwai 'yan ƙofofi da ke rufewa don kada ya zubo baya. Idan ƙofofin suka saki, sai jini ya taru a ƙasa, jijiya ta buɗe ta kumbura. Ya ce akan gaje shi, kuma doguwar tsayuwa wuri ɗaya tana ƙara shi, haka ƙiba da shekaru, mata kuma ciki yakan jawo musu. Jinin da ke ciki ba matacce ba ne, cunkushewa ya yi, shi ya sa ƙaramar huda take zubar da mai yawa muddin mutum yana tsaye.

Na ce a hankali, "To, ƙaho fa? Don na yi da wanzami bayan kaka."

Ya dube ni ya ce, "Abin da kara ya yi maka yau, shi za ka je a yi maka da aska. Kada ka bari komai mai kaifi ya kusanci jijiyar nan."

Ya nuna baƙar fatar idon sawuna ya ce nan ne gyambo yake buɗewa idan aka yi sakaci, irin wanda ke daɗewa bai rufe ba. Ya kuma ja mini kunne cewa duk ranar da ƙafar ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi tana ciwo, ko numfashina ya sarƙe, in zo da gaggawa, don jini yakan daskare a ciki. Daga nan ya tura ni babban asibitin Doso a ƙara dubawa.

Ciwon ya ɗau lokaci kafin ya rufe. Na samo safa mai matse ƙafa da likita ya ce in riƙa sakawa tun da safe. Na sa kafinta ya yi mini doguwar kujera a bayan tebur, direbobin da na yi wa alfahari suka samu abin tsokana. Ina ɗan zagayawa in motsa ƙafa, da rana in kwanta in jingina ta da bango. Jijiyoyin ba su ɓace ba, har yau suna nan, amma nauyin da ƙaiƙayin sun ragu ƙwarai, gyambo kuma bai taɓa buɗe mini ba.

Da na samu sauƙi na sayi sabon rawani da goro na tafi Matankari godiya. Na same shi a ƙarƙashin rumfa yana gyaran igiya. Na durƙusa kamar kullum. Ya tura mini tabarma ya ce, "Zamna ka miƙe ƙahwa. Durƙuso bai yi maka ba yanzu." Na zauna, na miƙe ƙafa a gaban surukina, ina jin kamar na yi sata.

Na fara jero godiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Sannan ya ce da can yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, mahauci ne, shi ma jijiyoyinsa haka suke. Suna samari, wata rana a daji ƙaya ta huda masa ɗaya. Su biyu ne kaɗai. Surukina ya ɗaure masa ƙafar da igiya, ya sa shi ya dafa kafaɗarsa, suka kama hanyar gida a ƙasa.

"Ina ce mashi yi sauri, yi sauri mu kai gida. Shina tahiya jinin na zuba. Ba mu kai ba."

Ya ce sai bayan shekaru masu yawa, da ya raka wani gidan likita, ya ji ana bayanin cewa kwantar da mutum ake yi, a ɗaga ƙafar, a danne wurin.

"Shi ke nan fa. Abin da ban sani ba ke nan." Ya mayar da idonsa kan igiyar da ke hannunsa. "Tun rannan nike roƙon Allah kada shi kashe ni sai ya ba ni inda zan yi amfani da shi. Kai ba ka da godiyar da za ka yi mani. Ni ad da godiya."

Na ajiye masa rawanin da goron a gabansa. Matata ma, da na koma na ba ta labari, ta ce ba ta taɓa jin yadda baffan nata ya rasu ba sai ranar.

Na rubuta wannan ne don na san a cikinku akwai masu shayi da masu tuya da malaman lakkwal, wato makaranta, da mata masu goyo da suke ɓoye irin ƙafata a ƙarƙashin zane ko wando. Ku je a duba ku tun fata ba ta canja ba. In kuma Allah ya kawo tsautsayi jijiya ta fashe, kada mutum ya tsaya, kada ya yi tafiya. Ya kwanta, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a nemi likita.

Ni dai duk lokacin da na tuna, ba jinin nake fara gani ba. Dattijon nan nake gani da ya riƙe baƙin cikinsa shekara da shekaru bai faɗa wa ko 'ya'yansa ba, har ranar da ya zame mini rai. Wansa kuwa ban taɓa ganinsa ba, ya rasu tun ba a haife ni ba, ko kabarinsa ban sani ba. Amma tun daga ranar, in na idar da salla ina yi wa iyayena addu'a, da shi nake haɗawa.