Hoton Baba da Kaka

Gara in tona wa kaina asiri tun kafin ƙannena su riga ni: ni ne na ɓata hoton gidanmu a Babbar Sallar shekarar da nake aji huɗu na firamare. A ranar Baba ya miƙo mini sabuwar wayarsa, wadda ko kallonta da yawa ba a yarda mu yi, ya ce in ɗauke mu gaba ɗaya. Nan take kaina ya kumbura har hular Sallata ta nemi ta matse ni.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo mana Bodinga daga Horo Birni, kuma jibi za ta koma saboda shanunta da gonar gerota. Baba bai faɗa ba, amma kowa a gidan ya san abin da yake so: ya haura arba'in, ba shi da hoto ko ɗaya da uwarsa. Shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in ya gaishe ta ma bango take amsa wa. Na san haka sarai, amma mai riƙe da waya sarki ne. Na jera mutane gindin darbejiya, na tsawata wa Inna ta daina ƙifta ido, sannan na jawo hannun Baba na tsayar da shi jikin Kaka. Ban tsaya nan ba, sai da na ce ta dafa kafaɗarsa, har na kama sunansa gatsau. Tsakar gida ta yi tsit, kaji ma sun daina tsattsaga. Kaka ta ja mayafi ta miƙe. "Wanga miji nau ba shi da kunya, na sake ka!" in ji ta, ta shige ɗaki. Aka yi dariya, ban da Baba. Ya karkaɗe rigarsa ya tafi wajen raguna.

Wunin nan na yi shi kamar kazar da ruwa ya doka. Wayar tana aljihuna, an manta da ita, sai na yi ta ɗaukar abin da ba a sa ni ba: ragunan da aka kafa a jikin itace kewaye da wuta, ƙanwata Hauwa tana kuka da lalle a hannu, Inna tana wanke kayan ciki fuska a yamutse. Da la'asar Baba ya zauna yana gyara wuta, gumi ya jiƙa masa baya. Sai na ga Kaka ta fito da kwanon fura, ta biyo ta bayansa tana faɗa da wata akuya da ba ta yi mata komai ba. Ta ajiye kwanon kusa da ƙafarsa, ta kau da kai, ta ɗan tsaya tana kore masa hayaƙi da gefen mayafinta. Cikin sauri na danna.

Hoton ya karkace, yatsana ya rufe kusurwa guda, akuyar ta fi kowa fitowa da kyau. Da na nuna wa Baba, ya daɗe yana kallonsa. Washegari, ranar rabon nama, ya je aka wanko hoton guda biyu. Da aka nuna wa Kaka ta ce, "Mi an nan? Ni ban ga kowa ba sai akuya."

Yanzu kowa a gidanmu yana da waya, muna ɗaukar hoto ɗari a Sallah guda mu goge rabi, amma babu mai kawo fura ta bayan mutum. Kaka ta rasu bara da kaka. Ba a taɓa samun wani hoton nasu tare ba. Na biyu cikin waɗanda Baba ya wanko, wanda muka zaci ya ɓata, an same shi a ƙasan akwatinta, naɗe cikin kallabi.