Murfin Idon Baba

A duk tatsuniyoyin da kakata Iya ta yi mana, akwai guda ɗaya da na tsana, kuma ita ta fi maimaitawa. Mu muna son ta kura da ta sha duka a kasuwa, ita kuwa sai ta maharbi da tsingaro. Na ji ta har na haddace wuraren da take tsayawa ta yi tari.

Iya maginiyar tukwane ce a ƙauyenmu da ke gefen Gubuchi. Ranar gashi, tun la'asar take jera tukwane da tuluna da kasake a bayan gida, ta lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu, ta cinna wuta. Kafin a idar da magariba wutar ta kwanta ta zama garwashi. Nan mu jikoki muke kewayewa, kowa ya binne dankalinsa a bakin toka yana gadinsa. Jefi-jefi sai ka ji tas, wata tukunya ta fashe a ciki, Iya ta daka mana tsawa: "Ku ja baya! Yumɓu ba ya sallama in zai shiga ido."

Kasaken da suka tsage a wuta ba a zubar da su, Babana ke kwashewa. Shi maharbi ne, kuma su maharban yankinmu suna da wani wasa bayan girbi: mutum ɗaya ya wurga kasko sama, wani ya harbe shi da bindigar adaka kafin ya faɗo. Wanda ya tarwatsa shi a iska ya sha kirari. Baba bai taɓa kuskurewa ba, in ji shi.

Baba ne ɗan farin Iya, don haka tunda nake ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana ba. In tana son ya ci abinci, bango take gaya wa cewa tuwo yana hucewa. Ni kuwa sunanta aka sa min, shi ya sa Baba ke kirana Uwata. Duk ranar gashi yana nan zaune gindin rumbu, taku goma daga wutar, yana goge bindigarsa da tsumma da man gyaɗa.

Iya za ta gyara zama ta ɗaga murya fiye da yadda mu da ke gabanta muke buƙata. "Ga ta nan, ga ta nanku, har da masu kunnen ƙashi."

"Iya, ba dai ta maharbin nan ba?" in ji ni.

"Ita fa. Wanda bai so ya tashi, dankalinsa ya zama nawa."

Ba mai tashi. Sai mu amsa da sanyin jiki, ta zo mu ji ta.

Wai wani maharbi ne ya je wurin wata tsohuwa a gindin tsamiya neman maganin tsari. Ta ce ya lissafo duk abin da yake tsoro. Ya ce ƙarfe, ta ba shi. Ya ce ƙahon ɓauna, ta ba shi. Ya ce haƙorin zaki da ƙayar daji, duk ta ba shi. Da ya miƙe zai tafi sai ta ce, ƙasa fa? Ya yi dariya har kwarinsa na kaɗawa, ya ce ƙasar da yake takawa kullum? Ya koma gari wuƙa ba ta yanka shi, mashi ba ya huda shi. Ran nan don burge mutane ya sa aka wurga tulun matarsa sama, ya harbe shi. Tulu ya tarwatse, ɗan tsingaro kamar ƙwayar dawa ya sauko ya shige masa ido. Ya koma gindin tsamiya da ido ɗaya yana kuka, ya ce a ba shi maganin ƙasa. Aka ba shi. Ko kwana bakwai ba a yi ba, ya ratsa ta inda mata ke sheƙa, ƙaiƙayi ya tsone masa ɗayan. Aka jawo shi da sanda wurin tsohuwa, yana cewa yanzu kuma maganin ƙaiƙayi yake so.

A nan Iya take yin tarinta na ƙarshe, ta ƙara ɗaga murya. "Tsohuwa ta ce, kai wawa, abin da ke yawo a iska ya fi ƙarfin lissafinka. Ido ba shi da magani sai murfi. Wanda ya halicce shi ma murfi ya sa masa. Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone a toka, wanda bai ji da kunne ba jikinsa zai gaya masa."

Haushi ya kan cika ni. Ba waƙa, ba aure, ba wanda ya sami dukiya. Makaho kawai da tsohuwa mai baƙar magana. Na taɓa tambayarta me ya hana tsohuwar ta faɗa masa tun farko. Ta ce, "Ke dai ci dankalinki."

Iya ta daɗe da rasuwa. Ni yanzu ina aure a Hunkuyi, da 'ya'yana huɗu. Baba ya haura sittin. Idonsa na hagu hawan jinin ido ya cinye shi a hankali, ba mu farga ba sai da ya mutu. Na dama kuma yanar ido ce ta rufe shi, bara aka yi masa aiki a Zariya, ya dawo yana gani tar. Likita ya ja masa kunne a gabana cewa wannan ɗayan shi ke nan, in ya tafi babu na canji. Sai ga shi bana, ana gama yankan dawa, Innarmu ta kira ni a waya ta ce Baba ya sayo kasake yana jerawa a zaure.

Ko gyale ban yafa daidai ba na hau mashin. Na same shi gindin rumbun nan dai, da tsumma da man gyaɗa.

"Baba, da ido ɗaya za ka je harbin kasko?"

"Da ɗaya ake saiti, Uwata. Dama can rufe na hagun nake yi."

"In tsingaro ya faɗo fa?"

Ya dafa layar da ke damtsensa. "Shekara arba'in ina da maganin ƙarfe."

"Kasko ƙarfe ne?"

Ya yi kamar bai ji ba. Can ya nuna tabaransa na asibiti ya ce ai ga shi da tabarau. Wani ɗan siriri ne da bai fi rufe ƙwayar ido ba, sama a buɗe, gefe a buɗe. Na san halin Baba. Hana shi harbi sai dai a hana ruwa gangara. Abin da ya rage min shi ne in nemo wa idon murfi.

Ban taɓa sanin sayen tabarau zai iya tayar wa mutum da hawan jini ba sai da na shiga kasuwar Makarfi. Mai allon tabarau na farko ya miƙo min wani baƙi mai sheƙi, ya ce, "Hajiya, shi 'yan acaɓa ke yayi." Na danna shi da babban yatsa, idon ya fice ya faɗi ƙasa. Na biyu ya rantse nasa gilas ne na gaske, har yana ƙwanƙwasa shi a haƙori don in ji ƙara. Na ce malam, abin da nake gudu ke nan, in ya fashe ai cikin ido zai zube. Na uku ya kawo na masu walda. Ina sawa kasuwar ta ɓace min gaba ɗaya. Duk wanda na ce wa na harbin kasko nake nema sai ya dube ni kamar na taɓu.

Sai da na kai Zariya, wani shagon kayan aikin masu yankan katako da fasa dutse. Dattijon da ke ciki bai yi min dariya ba, tambayoyi ya yi. Da wane lokaci ake harbin? Daga ina abin ke zuwa? Yana sa wani tabarau? Na ce da la'asar, daga sama da gefe, kuma yana sa na asibiti. Ya ɗauko wani faffaɗa na roba mai tauri, wanda ya rufe gira ya zagayo har gefen fuska, an yi shi yadda zai hau kan na asibiti ya zauna daram. Ya ce kada in ɗauki mai duhu, tsoho da yamma haske yake nema, wannan mai ruwan ɗorawa zai sa kaskon ya fito sosai a sararin sama. Ya nuna min tambarin da ke jikin hannunsa, shaidar an gwada shi da duka. Na ce ni tambari bai ishe ni ba. Sai ya ɗauko wani tsoho irinsa ya ɗora a benci, ya sauke masa guduma. Ya lotsa, amma bai fashe ba. Sabon na saya.

Baba ya juya shi gaba da baya kamar an ba shi mushe. "Uwata, so kike in fita kamar kwaɗo? Maharba su yi min dariya da furfurata?"

"Gara su yi maka dariya kana ganinsu."

"Ba zan sa ba."

Raina ya gama ɓaci. Kwana biyu ina yawon kasuwa, na bar yara da maƙwabta. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa na gyara zama na ɗaga murya ba. "Ga ta nan, ga ta nanku, har da masu kunnen ƙashi. Wai wani maharbi ne..."

"Ke, bari. Ba a tatsuniya da rana." Ya ajiye tsumman. "Kuma na fi ki saninta. Ni ake yi wa ita, ku dankali kuka zo ci."

Sai a lokacin na gane dalilin ɗaga muryar nan, da dalilin da ya sa sai ranar da yake gindin rumbu ake yin ta.

"Ashe ka sani, Baba? Duk shekarun nan?"

"Uwa ta yi magana a ce ɗa bai ji ba? Ji na ji. Amma ai ba da ni take ba, da maharbi take."

Wallahi da ba ubana ba ne, ban san me zan ce masa ba. Na miƙe na karɓi tabaran daga hannunsa. "To ni da kai nake. Sunanta na gada, ban gaji kunyarta ba." Na maƙala masa shi da hannuna a kan na asibitin. Ya yi ta mita, amma bai cire ba.

Ranar wasan, bayan la'asar, aka taru a wata gona da aka gama yankan dawa. Mu mata muna can gefe gindin ɗorawa. Dariya kam an yi masa ita, har wani abokinsa ya tambaye shi ko jirgin sama zai tuƙa. Yayana Tanimu, ɗan farin Baba, shi ke wurga masa kasko, yana tsaye kusa da shi. Na farko Baba ya kuskure. Daga tsakiyar gona ya juyo ya harare ni, kowa ya san laifin wa ake nufi. Na biyu ya same shi. Kaskon ya tarwatse a sama, maharba suka ɗauki kirari, iska kuma ta juyo da tsingaron kansu. Na ga kan Baba ya fizgu baya, ya saki bindiga ya zauna dirshan, hannunsa a fuska.

Har yau ban san inda takalmana suka tsaya ba. Ina isa na tarar ya cire tabaran. A jikin tabaran, kan idon dama, daidai tsakiya, ga wani farin rami da tsingaro ya haƙa, kamar an caka ƙusa. Kuncinsa yana ɗan jini inda wani ya yanke shi. Idon kuwa yana nan yana ƙiftawa, yana kallona. Na durƙushe ina kuka a gaban maza.

Baba ya ɗaga tabaran yana dubawa a hasken rana. "Kin gani ko, Uwata? Kayan zamani ba ƙarko. Harbi biyu kacal har ya lalace."

Ya miƙo min shi, ya kawar da kai yana kallon karan dawa. "In za ki koma, ki nemo wanda bai kai wannan muni ba. Kuma a sayo biyu. Akwai wani mai wurga kasko a gidan nan da ke tsayawa da ido tsirara."

Yaya Tanimu yana tsaye a gefensa, kafaɗarsu har tana gogar juna.

"Baba, ga shi nan kusa da kai! Ka faɗa masa mana!"

Baba ya ɗauki bindigarsa yana kakkaɓe mata ƙasa, kamar da wani nake.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan kan maharbi take, wai kada a raina ƙaramin abu. Yanzu in na tuna ta, Iya nake gani, tana ihu ta cikin wuta da jikoki da dankali zuwa ga mutumin da ke taku goma daga gare ta, shekara da shekaru, tana tsoron abin da ba ta da bakin faɗa. Tausayinta ya kan kama ni, haushinta ma ya kama ni, don tambayar da na yi mata har yau ba a amsa min ba: me ya hana tsohuwar ta faɗa tun farko? Kunya abin ado ce, ban musa ba. Amma tsingaro ba ya jin kunyar kowa, kuma a gidanmu na lura sai an sami mara kunya ɗaya kafin a tsira da ido.

Ranar Asabar na koma Zariya na sayo biyu. Na Yaya ma ni na maƙala masa da hannuna, yana mita irin ta ubansa. Mai ramin kuwa yana rataye a ƙusa a ɗakina, kuma har yau ba wanda ya ce min an gode.